Ta wace ƙofa ake hawa kujerar darakta a fim ɗin zane da siddabarun kwamfuta?

Sadiq: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni, kuma don Allah wanda ya san harkar ya faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Shekarata biyu da rabi ina fama da Blender, manhajar ƙera hoto da motsa shi a kwamfuta. Na iya gina mutum, na iya sa masa ƙashi ya motsa, na fara gane haske, hayaƙi da ruwa ma ina ɗan taɓawa. Amma ba nan zuciyata take ba. Darakta nake so in zama, ko na fim ɗin zane, ko na irin wanda siddabarun kwamfuta ya yi yawa a ciki. Kullum ina ganin ana cigiyar mai motsa zane, mai haske, mai haɗa hoto, ban taɓa ganin an ce ana neman darakta ba. To ta ina ake bi?

Kabiru: Ba kuwa za ka gani ba har gemunka ya yi furfura 😂 Kujerar nan ba a cigiyarta, miƙa ta ake yi.

Nura: Wa alaikumus salam. Sadiq, kar kowa ya ruɗa ka, kana kan hanya. Riƙe manhajar da kyau. Gareth Edwards mai siddabaru ne a Ingila, a 2010 ya fitar da Monsters, shi ya rubuta, shi ya riƙe kyamara, shi ya zauna a ɗakinsa ya yi siddabarun fim ɗin, yanki kusan 250, shi kaɗai. Bayan shekara huɗu ya fitar da Godzilla, a 2016 kuma Rogue One. Neill Blomkamp ma ta nan ya biyo kafin District 9 a 2009. David Fincher yana matashi a kamfanin siddabaru na ILM ya yi aiki. Wanda ya san yadda ake ƙera abu ba ya jiran izinin kowa.

Anti Rahama: Nura, ka kawo sunaye masu kyau, sai dai ka karanta labarinsu ta baibai. Sadiq ƙanena, ni zanen labari nake yi, wanda 'yan harka ke ce wa sitoribod, kuma zan gaya maka abin da idona ya gani. A fim ɗin zane, mafi yawan waɗanda ake miƙa wa kujerar daga sashen labari suke fitowa. Dalilin a fili yake. Mai zanen labari kullum aikin darakta yake yi a ƙarami: ina kyamara za ta tsaya, wa za a nuna, yaushe za a yanke, fuskar wa za mu gani lokacin da aka faɗi maganar da ta fi zafi. Yana gamawa kuma sai ya tashi gaban mutane ya nuna, yana kwaikwayon muryoyi, a yi dariya ko a yi shiru. In an yi shiru ya koma ya sake. Shekara biyar a haka, manya sun riga sun san ko kana da ido ko babu.

Dubi Domee Shi. A 2011 ta shiga kamfanin finafinan zane na Pixar a matsayin 'yar koyo a sashen labari. Ta yi zanen labari a Inside Out, sannan aka ba ta dama ta yi gajeren fim, Bao, na minti takwas, wanda ya ci kyautar Oscar a 2019. Sai a 2022 dogon fim ɗinta, Turning Red, ya fito. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Jennifer Yuh Nelson ita ce shugabar sashen labari a Kung Fu Panda na 2008, aka ba ta na biyu, wanda ya fito a 2011. Peter Ramsey ya daɗe yana yi wa manyan daraktoci zanen labari kafin ya samu nasa a 2012.

Nura: Anti, duk waɗannan 'yan cikin gida ne. Wanda bai samu shiga Pixar ba fa? Ya zauna ya rungume hannu?

Anti Rahama: Ban ce ya zauna ba. Cewa na yi abin da aka gani a wurin Edwards ɗinka ba iya dodon da ya ƙera ba ne. Masu ƙera dodo sun fi dubu, wasu ma sun fi shi iyawa. Abin da ya sa aka kira shi, ya san lokacin da zai ɓoye dodon. Wannan kuwa ba a cikin manhaja yake ba.

Zainab: Ku bar ni in shigo da Japan, don kun manne wa Amurka kamar babu kowa sai su. Hayao Miyazaki a 1963 ya shiga kamfanin Toei yana cike zanen tsakiya, wato aikin da ya fi kowane ƙanƙanta: babban mai zane ya yi farkon motsi da ƙarshensa, kai ka cike abin da ke tsakani. Bai samu dogon fim nasa na farko ba sai 1979, yana da shekara 38. Amma abin da nake so Anti ta duba shi ne abokin tafiyarsa, Isao Takahata, wanda suka kafa kamfanin Ghibli tare a 1985. Takahata ba mai zane ba ne. Bai taɓa zama mai motsa zane ba, ta hanyar mataimakin darakta ya biyo. Kuma babu mai hankalin da zai ce shi ba darakta ba ne.

Anti Rahama: Zainab, wannan ai taimakona kika yi. Mutum bai riƙe fensir ba, bai riƙe manhaja ba, kuma ya yi fim ɗin da ya sa duniya kuka. To me ya riƙe?

Zainab: Hakane, amma ya rushe maganarki ta cewa sai ta sitoribod 😄

Anti Rahama: "Mafi yawa" na ce, ƙanwata. Koma ki karanta.

Malam Bashir: Na daɗe ina karanta ku, bari dattijo ya sa baki. Na yi shekaru ina haɗa hoto, wato mu ne na ƙarshen layi, mu ake kawo wa abin da aka ɗauka gaban koren labule da abin da aka ƙera a kwamfuta mu haɗe su har ido ya kasa rabewa. Don haka na ga daraktoci iri-iri daga ƙasa, inda ba sa tsammanin ana kallonsu.

Sadiq, kafin ka tambayi ƙofa, ka san ɗakin da za ka shiga tukuna. Darakta a wannan harka ba ya zane, ba ya renda (wato sa kwamfuta ta fitar da hoton ƙarshe), wani lokaci sai ya yi wata bai taɓa manhaja ba. Aikinsa amsa tambaya. Da safe a shiga ɗaki mai duhu, a dinga sako masa aikin jiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan kafaɗar ta yi ko a sauke ta? Inuwar nan shuɗi ko toka-toka? Ƙiftawar idon nan kafin maganar ko bayanta? Daga nan ya wuce wurin mai tace fim, daga nan wurin masu ɗaukar murya, daga nan furodusa na jiransa da maganar kuɗi da wa'adi. Kuma kowace amsa da ya bayar, akwai mutumin da zai je ya ƙona kwana uku ko mako a kanta.

Ka yi lissafi da kanka. Daƙiƙa ɗaya firem 24 ce, wato hotuna 24 a jere. Fim mai minti 90 firem 129,600 ke nan. A fim ɗin zane babu ko ɗaya a cikinsu da ya zo da kansa. Mai ɗaukar mutane da kyamara zai iya dacewa, iska ta kaɗa rigar ɗan wasa ta yi kyau, ya ce alhamdulillahi. Mu iskar ma sai an zauna an yanke shawarar daga wane gefe za ta taso.

Bari in ba ku wani abu da ya faru da ni. A wani kamfani da na yi wa aiki, an kawo mana darakta wanda gwani ne ƙwarai a manhaja, ya fi mu duka. Akwai wani hayaƙi da ke tashi bayan jarumi, na daƙiƙa uku. Na yi masa sau talatin da wani abu. Kullum maganarsa ɗaya: "Bai yi ba, sake gwadawa." Me bai yi ba? Shiru. Wani lokaci ya ture ni ya zauna a kujerata yana murɗa lambobi da kansa, mutum goma na jiransa a wani ɗakin. Ranar da wa'adi ya cika sai ya ce a dawo da na huɗu. Na huɗu! Daga baya na gane ba hayaƙin ne matsalarsa ba. Bai san me fitowar take son faɗa ba, shi ya sa ya fake da hayaƙi, don shi ne abin da ya iya.

Bayan shi na yi aiki da wata darakta da ba ta san ko sunan maɓallan ba. Ta kalli irin wannan aiki sau ɗaya ta ce, "Mutumin nan yanzu aka gaya masa mutuwar ɗan'uwansa, ba na son komai ya motsa da sauri a bayansa." Shi ke nan. Na san abin da zan yi. Sau biyu muka yi aka wuce.

Kabiru: Malam, na huɗun nan ya yi mini ciwo kamar ni aka yi wa 😭

Nura: Allah ya huci zuciyar Malam. Amma da girmamawa, mutum ɗaya ne ka haɗu da shi, ba za a yanke wa kowa hukunci da shi ba. Ga Takashi Yamazaki. Tun 1986 yake kamfanin siddabaru na Shirogumi. A Godzilla Minus One shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne kuma mai kula da siddabaru. Mutum 35 suka yi yanki 610, suka doke manyan kamfanonin Amurka a Oscar ta 2024. Kafin shi, daraktan da ya karɓi wannan kyauta ta siddabaru Stanley Kubrick ne, tun 1969. Me ya sa mutum 35 suka iya? Saboda mai yanke hukunci yana zaune tare da su, ya san abin da zai yi tsada da abin da ba zai yi ba tun yana rubutu. Babu aika saƙo sama a jira mako kafin amsa ta sauko.

Malam Bashir: Nura, wannan magana taka gaskiya ce, ban musa ba. Darakta da ya san harkarmu rahama ne, in dai ya san abin da yake so. Sanin nan yana hana shi neman abin da ba zai yiwu ba ranar Alhamis ya ce yana so Litinin. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne, kana ƙirga waɗanda suka haye ne kawai. Stefen Fangmeier babban mai kula da siddabaru ne a ILM, gwanin gaske. Aka ba shi Eragon na 2006. Dodon ya yi kyau, masu sharhi suka yi wa fim ɗin kaca-kaca, ci gaban da aka so yi bai zo ba. Shi ma Yamazakin naka, shekara goma sha huɗu ya yi a ƙasa kafin fim ɗinsa na farko a 2000, sannan ya ƙara fiye da ashirin yana darakta kafin duniya ta san sunansa.

Sadiq: Na gode ƙwarai Malam, na gode Anti. Amma gaskiya jikina ya ɗan yi sanyi. Ni ban iya zane da hannu ba sosai. Ke nan shekara biyu da rabin nan asara na yi?

Zainab: Wace irin asara? Ka san Flow da me aka yi shi? Da Blender ɗin nan taka, wadda kowa ke saukewa kyauta. Gints Zilbalodis ɗan Latbiya, haihuwar 1994. Fim ɗin ba magana ko ɗaya a ciki, mage ce da ambaliya, kuma ya ci Oscar a 2025 a gaban Pixar da DreamWorks. Wani abin kuma, Anti ki yi haƙuri, ba ya yin sitoribod. Gina wurin yake yi a kwamfuta sama-sama, ya shiga da kyamara yana neman inda za ta tsaya.

Nura: Yawwa! Allah ya yi miki albarka Zainab. A rufe muhawara.

Anti Rahama: Ba a rufe ba. Abin da yake yi da kyamarar nan shi ne aikina, fensir ne kawai ya ajiye. Tambayar ɗaya ce: me mai kallo zai gani, kuma yaushe. Sannan ku faɗa wa Sadiq sauran labarin mana. Kafin Flow ya yi gajerun finafinai tun yana saurayi, ya kuma yi dogon fim, Away, a 2019, shi kaɗai, har kiɗan shi ya yi, ya shafe sama da shekara uku a kai. Wannan ne ya sa masu kuɗi a Latbiya da Faransa da Beljiyam suka yarda da shi. Gamawa ya yi. Sadiq, a shekara biyu da rabin nan, ka gama wani abu mai farko da ƙarshe, ko na minti ɗaya?

Sadiq: Gaskiya a'a Anti. Gwaje-gwaje ne cike da kwamfuta. Akwai wani fim da na fara na minti ashirin, na tsaya a gina garin.

Kabiru: Kowa da garinsa da bai gama ginawa ba. Nawa har da filin jirgi 😂

Anti Rahama: Na sani tun kafin ka faɗa. Ba laifinka ba ne, manhaja tana da daɗin da ke sa mutum ya ji yana aiki alhali yana guje wa aikin ne. Ajiye garin. Nemi labari na minti ɗaya, mutum biyu, ɗaki ɗaya, ɗaya yana son abu ɗayan ya hana. Yi shi da akwatuna da sanduna in ka ga dama, ka ɗora muryarka, ka jera shi da lokacinsa. Shi ne animatik. Ka nuna wa wanda bai san komai a kai ba, kar ka yi masa bayani ko kalma ɗaya, ka zuba wa fuskarsa ido. Inda ya ɗauki wayarsa, nan fim ɗinka ya mutu.

Kuma kar ka ɗauka manya sun wuce wannan. A Nuwamba 1993 Pixar ta nuna wa Disney irin wannan jeren na Toy Story, ya fito da muni har aka dakatar da aikin, don jarumin fim ɗin, Woody, ya zama mugu marar daɗin kallo. Suka koma suka sake rubutu, fim ya fito a 1995. Da sun riga sun yi renda kafin su gano, da kamfanin ya gama yawo.

Malam Bashir: Tunda yaron nan gaskiya ya nema, bari a ƙarasa masa ita. Kujerar ba ta da tabbas ko bayan ka hau. Brenda Chapman ita ta kawo labarin Brave, daga zamanta da 'yarta ta samo shi, amma a 2010 aka sauke ta aka ɗora Mark Andrews, duk da dai sun karɓi Oscar tare a 2013. Ratatouille tunanin Jan Pinkava ne, a 2005 aka miƙa wa Brad Bird. Fim irin wannan yana cin shekara huɗu ko biyar da miliyoyin daloli, kuma na kamfani ne, ba naka ba.

Sai kuma haƙƙin na ƙasa da kai, wanda shi ya fi damuna. Kamfanonin siddabaru yawanci kuɗi ƙayyadadde suke karɓa a kan aiki. Darakta ya canza ra'ayi sau goma, sau da yawa kamfanin ne ke haɗiye asarar, ma'aikata kuma su biya da barcinsu. Rhythm & Hues, waɗanda suka ƙera damisar Life of Pi, a Fabrairu 2013 suka shigar da takardar karyewa, aka sallami mutum sama da 200. Bayan mako biyu aikin nasu ya ci Oscar. Mai karɓar kyautar, Bill Westenhofer, ya fara ambaton halin da suke ciki sai aka taso da kiɗa aka kashe masa makirufo, ga ɗaruruwan 'yan harka suna zanga-zanga a waje. Ba banza ba ma'aikatan siddabaru na Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago ta IATSE a 2023. In Allah ya ba ka kujerar, ka tuna "sake gwadawa" kalma biyu ce a bakinka, a wurin wani kuwa ƙarshen makonsa ne.

Zainab: Malam ya tuna mini da fim ɗin Sonic. Aka saki talla a Afrilu 2019, mutane suka ga haƙoran nan da ƙafafun nan da aka ƙera wa Sonic ɗin suka yi ca. Aka ɗage fim daga Nuwamba zuwa Fabrairu 2020 aka sake ƙera shi. Jeff Fowler, daraktan, shi ma daga motsa zane ya fito, kuma fim ɗinsa na farko ke nan. Kowa ya yaba masa da ya saurari jama'a. Waɗanda suka zauna suka sake aikin fa, wa ya san sunansu?

Auwal: Ni dai ina ganin duk wahalar banza kuke sha. Ƙirƙirarriyar basira ta zo, nan gaba kaɗan rubutawa kawai za ka yi fim ya fito.

Malam Bashir: To sai ta ba ka hayaƙi talatin a minti ɗaya, Auwal. Wa zai ce na huɗu ne?

Kabiru: Malam ya gama da kai, ka je ka huta 😂😂

Nura: Ni har yanzu ina kan bakata, Anti. Yaron da ba shi da kamfani, ba shi da masu zane ashirin, manhajar nan ita ce jarinsa. Da Zilbalodis bai iya ta ba, da labarin yana nan a kansa har yau. Abin da na karɓa daga gare ki shi ne maganar gamawa. Wannan kam ta same ni ni ma.

Anti Rahama: Ban ce ya yar da ita ba, Nura. Ya daina yi mata bauta kawai. Wani abu kuma Sadiq, in ka yi na farko kai kaɗai, na biyu ka nemo mutum biyu ku yi tare, ko da ka fi su iyawa. Ka ba wani fitowa ya motsa, ya kawo maka ba yadda ka zata ba, ka koyi gaya masa abin da ya rage ba tare da ka karɓe linzamin kwamfutar daga hannunsa ba. Ranar farko za ka ji kamar ka fashe.

Sadiq: Na ji, kuma na gode wa kowa, Allah ya saka da alheri. Akwai wani ɗan labari da na taɓa rubutawa na yaro da kakansa suna rigima a kan rediyo, ɗaki ɗaya ne. Zan jera shi da akwatuna in saka a nan ranar Juma'a in sha Allahu. Tambaya ɗaya Anti: in fara ɗaukar muryar ne, ko in fara jera hotunan?

Anti Rahama: Murya tukuna, ko da wayarka ce, ka yi duka biyun da bakinka. Numfashin da ke tsakanin maganganu shi zai gaya maka inda za ka yanke. Kuma kar ya wuce daƙiƙa sittin, zan ƙirga.

Nura: In ka zo kan haske ka yi mini magana, akwai saitin da zai rage maka lokacin renda.

Malam Bashir: Babu haske a wannan makon, Nura. Akwatuna aka ce.

Kabiru: Sadiq, in kana neman muryar kakan ga ni, kullum ana ce mini muryata ta tsofaffi ce.